Taguwar Basus: Abin da Sunayen Yaƙi da na Zaman Lafiya Suke Faɗa Mana

Ina yaro na ɗauka Basasa sunan gari ne. A unguwarmu akwai wasu tsofaffin sojoji biyu da ke zama a dakalin ƙofar masallaci bayan la'asar. Ɗaya ya yi yaƙin Bama, ɗayan ya yi yaƙin basasa. To ni a lissafina, tunda Bama ƙasa ce can gaba da Indiya, Basasa ma wata ƙasa ce da ake zuwa a jirgin ruwa. Wata rana na yi ƙarfin hali na tambayi na biyun, na ce, "Baba, wai Basasa da nisa?" Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Yaro, ai babu inda ya fi ta kusa. A tsakar gida take."

Sai da na girma na bi sawun kalmar, na tarar ita kanta baƙuwa ce da ta yi doguwar tafiya. Masana harshe suna danganta ta da wani tsohon yaƙi da Larabawa suka yi kafin zuwan Musulunci, wanda suke kira Harbul Basus. Malaman zaure da suka karanta adabin Larabci sun san labarin sarai. Ƙabilu biyu ne, Bakar da Taglib, dukansu zuriyar mutum ɗaya mai suna Wa'il. Shugaban Taglib, Kulaibu, ƙarfinsa ya kai ga yakan keɓe makiyaya ya ce tasa ce shi kaɗai, babu dabbar da za ta ci ciyawar wurin sai da izininsa. Matarsa Jalila 'yar Bakar ce, 'yar'uwar wani saurayi mai zafin zuciya da ake kira Jassasu. Wata rana taguwar da ke gidan innar Jassasu, wata dattijuwa mai suna Basus, ta bi raƙuma ta shiga hurumin Kulaibu. Ya ɗana kibiya ya harbe ta a hantsa. Dattijuwa ta yi kururuwa ta ce an wulaƙanta ta alhali tana ƙarƙashin kariyar ɗan 'yar'uwarta. Jassasu ya tafi ya kashe surukinsa. Muhalhil, ɗan'uwan Kulaibu, ya sha alwashin ɗaukar fansa, aka yi ta gwabzawa, a faɗar masu ruwaya, har shekara arba'in.

Wanda ya ji labarin sama-sama sai ya yi dariya, ya ce mutane sun ƙare kan raƙuma guda. Amma Bahaushe ya bambanta sanadi da tushe. Taguwa sanadi ce kawai. Tushen yana ƙasa, kuma rassansa uku ne: mai ƙarfi ya killace abin da kowa ke ci, an keta amanar baƙo, sannan babu wani zaure da ɓangarorin biyu suka yarda su kai ƙara, don haka kowa ya zama alƙalin kansa. Duk yaƙin da zan ambata a nan gaba, idan ka tona za ka tarar da ɗaya daga cikin ukun nan, sau da yawa ma duka ukun.

A Kano kalmar ta samu gindin zama. Da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, ya ba da umarni a naɗa Tukur, ɗan Bello. 'Ya'yan marigayi Sarki Abdullahi Maje Karofi, waɗanda dama suna ɗauke da haushin yadda aka tuɓe da dama daga cikinsu daga sarauta a zamanin Bello, suka ƙi yin mubaya'a. Suka fita bayan Yusufu suka kafa sansani a Takai. Yusufu ya rasu yaƙi bai ƙare ba, ɗan'uwansa Alu ya karɓi tuta, Yusufawa suka shiga birni a 1894, aka kashe Tukur bayan karon Tafashiya a 1895. Tukur da Yusufu 'ya'yan wa da ƙane ne, jikokin Sarki Ibrahim Dabo, kamar yadda Bakar da Taglib suka haɗa kaka. Wanda ya fara kiran wannan yaƙi da basasa ya san abin da yake faɗa. Shekara goma ba ta cika ba Turawa suka iso a Fabrairun 1903, suka tarar da bango ya riga ya tsage.

Yaƙin da tsohon unguwarmu ya je kuwa sunansa ba ɗaya ba ne. Da aka fara shi ranar 6 ga Yulin 1967, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ce ɗan aikin 'yan sanda ne da za a gama cikin ƙanƙanin lokaci. Ya ɗauki wata talatin, bai tsaya ba sai Janairun 1970. Wasu na ce masa yaƙin Biyafara, wasu tsofaffi na cewa yaƙin Ojukwu, rediyo da littattafan makaranta kuma suka tsaya kan yaƙin basasa. Kowane suna da hukuncin da yake ɗauke da shi. Mai cewa basasa ya yarda cewa 'yan gida ɗaya ne suka kashe juna. Mai cewa yaƙin Ojukwu ya ɗora kayan gaba ɗaya a kan mutum guda, ya sauke juyin mulkin Janairun 1966 da ya ci ran Sardauna da Tafawa Ɓalewa, ya sauke na Yuli da ya biyo baya, ya sauke kashe-kashen Inyamurai a garuruwan Arewa a kwanakin da dattawa ke kira araba, ya sauke yarjejeniyar Aburi ta ƙasar Gana da kowane ɓangare ya koma gida ya fassara ta yadda ya so.

Muna da wannan ɗabi'a ta raɗa wa yaƙi sunan mutum. Yaƙin duniya na biyu a bakin kakanninmu yaƙin Hitila ne. Abin da ya faru a 'Yan Awaki cikin Disambar 1980, wanda ya ci rayuka fiye da 4,000, rikicin Maitatsine muke ce masa. Sunan mutum yana da sauƙin riƙewa, amma yana yaudara, domin yana sa a ɗauka in mutumin ya faɗi shi ke nan an huta. An kashe Maitatsine a 1980, amma wutar ta sake tashi a Bulunkutu ta Maiduguri a 1982, ta tashi a Jimeta a 1984, ta tashi a Gombe a 1985. Dubban samarin da suka baro ƙauye ba su da abin yi ba su bi shi kabari ba.

In kana son ka ji inda Hausa ta ajiye musabbabin yaƙi, ka saurari aikatau ɗin nan ɗan ƙarami, ci. Ana cin iyaka, ana cin zali, ana cin amana, ana cin mutunci, ana cin fuska, ana cin zarafi, alƙali kuma yakan ci hanci. Bayan an tara waɗannan ciye-ciye sai a ɗaura ɗamara a je a ci gari, daga ƙarshe a zauna ana ƙirga mutanen da yaƙi ya ci. Harshen yana kallon yaƙi a matsayin babban ci da ƙananan ci suka haifa: wani ya sa hannu a akushin da ba nasa ba, ko ya cinye rabon jama'a shi kaɗai. Kuma ba ya zuwa tashi guda. Akwai saɓani, akwai cacar baki, akwai husuma, sannan faɗa, sannan rikici, sannan tarzoma, kafin a kai ga bore da tawaye da yaƙi. Kowace kalma matakala ce, kuma a kowace matakala akwai damar tsayawa in an samu mai tsayarwa.

Na taɓa ganin irin wannan tsayarwa da idona a zauren wani dagaci, lokacin kaka. Shanu sun shiga gonar dawa da dare. Mai gona ya zo ko hula babu, jijiyar wuyansa a tashe. Dagaci bai tanka masa ba sai da ya aika aka kira arɗo, ya tura sarkin noma da mutumin arɗo suka je suka zaga gonar tare, suka ƙiyasta ɓarna dami shida. Arɗo ya durƙusa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ɓarna mun yi, ba mu musu. Amma a tambayi mai gona, ina burtalin da kakanninmu ke bi ya shiga?" Zaure ya yi tsit. Dagaci ya juya ya ce, "Sarkin noma, ka ji?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ji, ranka ya daɗe. Gaskiya an ci kunya uku daga cikinsa." Nan take aka yanke: arɗo zai biya dami huɗu, mai gona ya yafe biyu, kunyoyin nan uku kuma ba za a sake shuka su ba. Aka shafa fatiha. Kafin a tashi har mai gona yana roƙon arɗo ya kawo masa shanu su zauna masa taki in an gama girbi. A ranar an yi ci biyu, cin amfanin gona da cin burtali, kuma duka biyun aka ambata da sunansu a gaban kowa. Da ɗaya kawai aka hukunta, da wani ya fita zauren da ƙulli a zuci.

A ƙauyuka da yawa na Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna wannan zaure ya mutu, ko kuma ya koma wurin da mai kuɗi ke sayen hukunci. Da ya mutu sai sababbin sunaye suka fito. Da farko ɓarayin shanu ake cewa, aka koma ɓarayin daji, aka koma 'yan bindiga, aka koma 'yan ta'adda. A ɗaya ɓangaren akwai 'yan banga da 'yan sa-kai, waɗanda a bakin ɗan ƙauye jarumai ne, a bakin makiyayin da aka yanka wa ɗa a kasuwa kuwa makasa ne. A Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta haramta ƙungiyoyi biyu, ta rubuta sunayensu da Hausa: 'Yan Bindiga da 'Yan Ta'adda. Duk mai jin Hausa ya san waɗannan ba sunayen ƙungiya ba ne, siffa ce ta duk wanda ya ɗauki bindiga ya yi ɓarna. Wannan kaɗai ya nuna girman matsalar. Babu Kulaibu guda da za a harbe, babu Ojukwu guda da za a zauna da shi. Daba-daba ne a daji, kowace da jagoranta, kuma abin da ya fara da ramuwar gayya ya daɗe da zama sana'a.

Yanzu mu juya ga ɗaya jerin, na kalmomin zaman lafiya. Mafi rauni a cikinsu ita ce wadda muke ji kullum a rediyo, tsagaita wuta. Wanda ya ƙirƙiro ta ya iya Hausa, domin tsagaitawa ta ruwan sama ce. In an ce ruwa ya tsagaita, ba a ce ya ɗauke ba. Hadari na nan, an dai samu damar tsallakawa zuwa gida. Gaba da ita sai sulhu, daga wani tushen Larabci mai ma'anar gyara, wanda shi ne ya ba mu salihi da maslaha. Asalin sulhu ke nan gyara abin da ya ɓaci, kamar yadda aka mayar da kunyoyin nan uku. Larabawa suna da kalma daban ta dakatar da faɗa na ɗan lokaci, hudna, amma ita ba ta shiga bakin Bahaushe ba. Saboda haka sulhu yake mana aiki biyu, muna kiran gyara sulhu, muna kiran ɗan shiru ma sulhu, daga nan ruɗani ya samo asali.

Gwamnatin Katsina a zamanin Aminu Bello Masari ta yi sulhu da 'yan bindiga a 2016, ta sake yi a 2019. Ta Zamfara a zamanin Bello Matawalle ta yi nata a 2019. An ga hotunan bindigogi a jere a ƙasa, an saki fursunoni, an samu sabuwar kalma, tubabbu. Ba a daɗe ba hare-hare suka dawo, gwamnonin da kansu suka janye. Abin da ya fi wannan ɗaci shi ne ma'anar da kalmar ta samu a ƙauye. In ɗan ƙauye ya ce maka garinsu sun yi sulhu, sau da yawa nufinsa sun yi karo-karo sun kai wa jagoran daba kuɗi don a bar su su yi shuka, kuma za su sake kaiwa kafin a bar su su yi girbi. Ba na ganin laifin mai kare ransa da na iyalinsa. Amma wannan haraji ne aka sa wa rigar sulhu. Ba a biya diyyar kowa ba, ba a mayar da gona ko garke ba, ba a tsayar da zauren da za a kai ƙarar gobe ba.

Abin da irin wannan sulhu ya rasa yana cikin wata kalmar da muke amfani da ita ba mu san 'yar gidan wa ba ce, lumana. Hausa takan haɗiye alif da lam na Larabci ta manna su a jikin kalma, shi ya sa muke da labari da lokaci da littafi da lada. Haka lumana take, ita da amana da aminci da imani duk 'yan ɗaki ɗaya ne. A zamanin daular Sakkwato ma amana sunan yarjejeniya ce: al'ummomin da ba Musulmi ba, musamman a iyakokin Zazzau da Bauchi, sukan ƙulla ta da sarki, su riƙa ba da abin da aka yanka musu, a daina kai musu hari. Ba zaman daidaito ba ne, kuma an sha karya ta, amma sunan da aka ba ta ya sa karya ta ya zama abin kunya, cin amana. Wato a hankalin wannan harshe, lumana ita ce ka iya juya wa mutum baya ka yi barci. A Nijar 'yan siyasa sun gane nauyin waɗannan kalmomi, har suka mayar da su sunayen jam'iyyu: Lumana, Amana, Zaman Lahiya.

Lafiya ma ta wannan ƙofa ta shigo, kuma ita da afuwa tushensu ɗaya ne a Larabci. Wannan ya sa nakan tsaya in yi tunani kan sunan da rundunar sojan Nijeriya ta raɗa wa yaƙinta da Boko Haram a 2015, Lafiya Dole. Na fahimci zafin da ya haifi sunan, kuma babu mai hankalin da zai ce a tari mai yanka mutane da fatar baki kaɗai. Dole tana iya ƙwace bindiga, tana iya buɗe hanyar Damaturu zuwa Maiduguri. Sai dai afuwa ba ta zuwa da dole, amana ma haka. A 2021 aka sauya sunan zuwa Haɗin Kai, kamar dai masu sunan sun ji inda kalmomin biyu suka ƙi zama wuri guda.

Nijar ta gwada doguwar hanyar da 'yan tawayen Abzinawa. An sa hannu kan yarjejeniya ranar 24 ga Afrilun 1995, ranar da har ta zama ta hutu a ƙasar. A Satumban 2000 aka tara makamai aka cinna musu wuta a Agadas. Duk da haka tawaye ya sake ɓarkewa a 2007, domin ƙorafin rabon arzikin yuraniyom da na mulkin yanki bai kwanta ba. Abin da ya taimaka daga baya shi ne abubuwa marasa armashi a hoto: ɗaukar tsofaffin mayaƙa aiki, miƙa wani ɓangare na iko ga ƙananan hukumomi da jihohi, da kuma ganin Ba'abzine, Brigi Rafini, a kujerar firaminista daga 2011 har 2021. Lokacin da arewacin Mali ta kama da wuta a 2012, arewacin Nijar ba ta bi sahu ba. Ƙona bindiga aikin yini ɗaya ne, gyaran rabo kuwa ya ɗauki shekaru.

Wannan ya kawo ni ga rabin kalmar da muke yawan tsallakewa. Ba lafiya kaɗai muke cewa ba, zaman lafiya muke cewa, kuma Hausa ta san zama iri-iri. Akwai zaman ɗar-ɗar, na wanda ke kwana da takalmi a ƙafa. Akwai zaman doya da manja, an haɗu a kwano ɗaya amma ba a gauraya ba. Akwai zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gaba. A duk waɗannan ba a jin ƙarar bindiga, amma babu wanda zai kira su zaman lafiya. Shi zaman lafiya bai taɓa nufin rashin saɓani ba, tunda mu ne muka ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Abin da yake nufi shi ne a saɓa a matakalar farko ko ta biyu, a samu zauren da zai tare, gobe a sake haɗuwa a kasuwa.

In hakan ya ɗore tsara bayan tsara, sai ya haifi kalma ta ƙarshe, wadda ba a rubuta ta a kowace yarjejeniya: wasa. Bakano da Bazazzage abokan wasa ne. Bafillace da Babarbare haka suke, alhali kakanninsu sun gwabza a Birnin Gazargamu a 1808, har Shehu Laminu na Barno da Muhammadu Bello na Sakkwato suka yi ta musayar wasiƙu kan halaccin yaƙin. Yau in sun haɗu a mota kowa cewa yake ɗayan bawansa ne, fasinjoji na dariya. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin jerin kayan gadon ɗan'adam. Maganar da a da za a zare mata takobi ta koma abin da ake sayen goro da shi.

Tsohon sojan nan da ya ce mini basasa a tsakar gida take, akwai wani Inyamuri mai kemis a bakin layinmu da yake sayen maganin ciwon gwiwa a wurinsa. Shi ma ya ga yaƙin, yana yaro, daga ɗaya ɓangaren. In tsohon ya doso shagon yana dogara sanda sai ya ɗaga murya ya ce, "Ina ɗan tawayen nan?" Daga bayan kanta sai a amsa, "Ga ni, Baba soja. Amma yau ba bashi sai ka biya na jiya." Ba zan ce hakan ya share abin da ya faru ba, ga shi har yau kiran Biyafara bai mutu ba a kudu maso gabas. Abin da na sani shi ne ranar da tsohon ya rasu, mai kemis ya rufe shagonsa ya zo ya zauna a tabarmar makoki, kuma da 'ya'yan suka tambaye shi nawa yake bin mahaifinsu, ya ce shi bai ajiye lissafi ba.